Fatanmu ga Spurs a kakar 2025 zuwa 2026: a nemi kofi, a tsare mutuncin gida

 Yau ba zancen farashin hatsi ko na taki muka zo da shi ba. Zancen ƙwallon kwando ne, basket kamar yadda bakinmu ya saba, kuma mun san tun yanzu wasu sun fara taɓe baki. Ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshe, don abin da ke ciki ya shafi ɗiyanmu ma.

Lokacin da aka yi wannan rubutu, a Oktoban 2025, ana shirin buɗe kakar 2025 zuwa 2026 ta gasar NBA a Amurka. Masu bin gasar a ƙasar nan ba mu da yawa, a cikin ƴan tsirarun kuma akwai mu, magoya bayan ƙungiyar Spurs ta birnin San Antoniyo a jihar Teksas. Idan an tashi wasa can da ƙarfe 7 na yamma, nan ƙarfe 1 ne ko 2 na dare. Mai son kallo sai ya sayar da barcinsa, ya sa kredi a waya, ya yi addu'a kada kuran ya tafi. Ana gama wasa ladan na gyara murya. Wanda ya yi shekaru yana wannan wahala yana da ikon ya faɗi abin da yake fata daga ƙungiyarsa, to shi za mu faɗa yau.

Ga wanda bai san tsarin ba: ƙungiya 30 ne, kowace na buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. An raba su gida biyu, gabas da yamma, 15 nan 15 can. Daga kowane gida 8 ke shiga zagayen neman kofi, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa 4. Babu faɗawa rukuni na biyu kamar a ƙwallon ƙafa. Maimakon haka, waɗanda suka fi shan kashi su ake ba damar fara zaɓar sababbin matasa a watan Yuni, bayan an jefa ƙuri'a. Ku riƙe wannan, don duk tarihin Spurs a kansa ya rataya.

Spurs ta ɗauki kofi sau 5: 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Shekara 22 a jere, daga 1998 zuwa 2019, ba ta taɓa fashin zagayen neman kofi ba. Kuma San Antoniyo ba irin garuruwan da manyan taurari ke rububin zama ba ne, kamar Los Anjeles ko Miyami. Ƙungiyar irin wannan gari dole ta reni nata, ta kuma san yadda za ta riƙe su. Da yawanmu ta ƙofar Tony Parker muka shigo, don a lokacin tashoshin Faransanci da muke kamawa kullum labarinsa suke yi. Da muka shigo sai muka tarar da gida mai tarbiyya, shi ya sa muka zauna.

Tarbiyyar ta faro daga David Robinson. An zaɓe shi na farko a 1987, amma sai da ya gama shekara 2 na aikin sojan ruwa kafin ya zo a 1989. Shi ne mai gida: ya taɓa zuba maki 71 a wasa ɗaya a 1994, aka ba shi gwarzon gasa a 1995. A kakar 1996 zuwa 1997 rauni ya kwantar da shi, wasa 6 kawai ya buga, ƙungiyar ta ci 20 ta sha kashi 62. Wannan faɗuwar ce ta ba su zaɓin farko, suka ɗauko Tim Duncan. To, kowa ya san abin da ke faruwa a kasuwa ko a jam'iyya ranar da yaro ya fara fin ubangidansa. Hassada ta shigo, a fara yi mishi ƙafar ungulu. Robinson bai yi haka ba. Ya ja baya, ya rage jifa, ya ɗauki aikin tsaron gida da ba a cika tafa wa ba, ya bar yaron ya haska. Da suka ci kofin 1999, Duncan aka ba gwarzon wasan ƙarshe, Robinson na gefensa yana dariya. Ya yi ritaya a 2003 da kofi na biyu a hannu, bayan ya buɗe wa yaran talakawan garin lakwal da kuɗin aljihunsa a 2001.

Duncan kuwa, wanda bai gan shi ba ya yi asarar kallo. Ɗan tsibirin Saint Croix ne, kuma da farko ninƙaya yake yi. Guguwar da aka yi a 1989 ta lalata musu tafkin atisaye, mahaifiyarsa ta rasu kwana ɗaya kafin ya cika shekara 14, bayan ta karɓi alkawarinsa cewa zai gama jami'a. Ya cika alkawarin: shekara 4 cur ya yi a jami'ar Wake Forest, alhali da ya so fita da wuri ana jiransa da miliyoyi. Ya buga kaka 19 duk a Spurs. A 2000 ƙungiyar Orlando ta neme shi da gaske, ya je ya ji abin da suke da shi, ya dawo gida. A 2012 ya yarda aka rage albashinsa fiye da rabi don a samu abin biyan sauran ƴan wasa. Ranar da ya bar wasa a 2016 ko taron ƴan jarida bai zauna ba, ƙungiya ce ta fitar da sanarwa. Mai horaswa Gregg Popovich yakan yi mishi tsawa a gaban kowa, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Idan babba a gida ya karɓi faɗa, wane ƙarami ne zai ɗaga murya?

Sai Manu Ginobili ɗan Ajantina, wanda aka zaɓa can na 57 a 1999. Mutumin da ya jagoranci ƙasarsa ta ci zinare a wasannin Olamfik na 2004, bayan sun kayar da Amurka kanta, shi ne ya yarda ya riƙa fara wasa daga benci shekara da shekaru, don ƙungiya ta samu mai ɗaukar nauyi idan manya sun fita hutawa. A wata ƙungiyar da sunansa ke saman allo. Ya zaɓi kofi 4 da benci.

Abin da ya ƙara ɗaure mu da su shi ne 2013. Wasa na 6 na ƙarshe, a Miyami, Spurs na gaba da maki 5, saura daƙiƙa 28 su ɗauki kofi. Har ma'aikatan filin sun fara kewaye wuri da igiya don bikin miƙa shi. Ray Allen ya jefa mai maki 3 saura daƙiƙa 5, aka yi kunnen doki, Miyami ta ci wannan wasan ta kuma ci na 7. Irin wannan faɗuwa ita ke watsa ƙungiya: wannan ya zargi wancan, a kori mai horaswa, a sayar da tsofaffi. Su ba wanda ya nuna wani da yatsa. Suka dawo a 2014 da mutanen nan dai, ɗan Faransa, ɗan Ajantina, ɗan Burazil, ɗan Italiya, ɗan Ostireliya, ɗan Kanada, suka ci wasa 62 ba tare da ko mutum ɗaya ya kai minti 30 a kowane wasa ba idan aka daidaita. Suka sake haɗuwa da Miyami ɗin, suka doke ta 4 da 1, kuma kowane cin da suka yi da ratar maki 15 ne ko fiye. Ƙwallo na yawo daga hannu zuwa hannu, mai damar jifa ya miƙa wa wanda ya fi shi dama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sha jin karin maganar, amma a shekarar muka gan ta da ido.

Daga nan rana ta fara yin sanyi. Kawhi Leonard, wanda aka ba gwarzon wasan ƙarshe na 2014 kuma kowa ke ganin shi zai gaji Duncan, ya samu saɓani da ƙungiya kan ciwon cinyarsa. Wasa 9 kawai ya buga a kakar 2017 zuwa 2018, ya nemi tafiya, aka miƙa shi Toronto a Yulin 2018. Shekara na zagayowa ya ci musu kofi. Ba mu zage shi ba, kowa shi ya san ciwon jikinsa, amma abin ya yi zafi. Tun daga 2020 zuwa 2025, kaka 6 a jere, Spurs ba ta leƙa zagayen neman kofi ba. Akwai shekarun da mutum zai tashi tsakar dare ya kalli an ba ƙungiyarsa ratar maki 30, ya koma ya kwanta, da safe abokan fada masu Lakers da Golden State su tare shi da tsiya tun kafin shayin farko ya nuna.

Sai ƙuri'a ta sake faɗowa kansu a 2023, bayan kakar da suka ci 22 suka sha kashi 60. Suka zaɓi Victor Wembanyama, haifaffen Janairun 2004, tsawonsa mita 2 da santimita 24. Bakin kwandon da ake jefa ƙwallo mita 3 da santimita 5 ne daga ƙasa, ku auna da kanku. Mai wannan tsawo ya kamata a ce nauyin jiki gare shi, amma yana gudu da ƙwallo kamar ƙaramin yaro, yana jifa daga nesa, yana kaɓe na abokan hamayya tun kafin ta kama hanya. A kakarsa ta farko duk masu jefa ƙuri'a shi suka zaɓa gwarzon sababbin shiga, ba wanda ya ware. A ta biyu yana zuba maki 24 a kowane wasa, kuma ba wanda ya kai shi kaɓe ƙwallo a duk gasar.

A nan sai mu taɓo maganar da ake yawan jifan mu da ita. An zaɓi yaron nan a Yunin 2023, wata ɗaya kafin abin da ya faru a Yamai ranar 26 ga Yuli, kuma kowa ya san inda dangantakar ƙasarmu da Faransa ta tsaya tun daga lokacin. Sai wani ya dube ka ya ce, "Kai yanzu duk duniya ka rasa wanda za ka hana idonka barci a kai sai Bafaranshe?" Amsarmu gajeriya ce. Abin da ke tsakanin gwamnatoci daban, mun kuma san matsayinmu a kai a matsayinmu na ƴan ƙasa. Yaron nan, wanda asalin mahaifinsa Kwango ne, ba shi ya rubuta tarihin mulkin mallaka ba. Da aikinsa da halinsa za mu auna shi, kamar yadda muke so a auna ɗiyanmu idan sun fita waje neman abinci.

Kuma abin da ya bayyana na halinsa zuwa yanzu yana kwantar da hankali. Da Amurka ta doke Faransa 98 da 87 a wasan ƙarshe na Olamfik a Paris a 2024, shi ya fi kowa maki a filin, 26, amma da hawaye ya fita, alamar faɗuwar ƙungiya ta fi damunsa da adadin makinsa. A Disambar wannan shekarar, da suka je New York, ya kira jama'ar gari zuwa wani dandali suka zauna yana buga darar Turawa da duk wanda ya zo, ana yayyafi. A Fabrairun 2025 likitoci suka gano gudan jini a jijiyar kafaɗarsa ta dama, aka tsayar da shi bayan wasa 46. Ciwon nan ba na wasa ba ne, irinsa ya kawo ƙarshen wasan Chris Bosh na Miyami. Yaro mai kuɗi da suna, an ce ya zauna wata da watanni, hanyoyin lalacewa a buɗe suke gabansa. Shi sai aka gan shi a ƙasar Sin ya aske kai, ya yi wajen kwana 10 yana horo a gidan ibadar Shaolin. Da likitoci suka sallame shi a watan Yuli, ya je ɗaukar darasi wurin Hakeem Olajuwon.

Wannan zuwan ya faranta mana rai ƙwarai. Olajuwon haifaffen Legas ne, ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995, kuma shi ne ya wahalar da Robinson ɗinmu a 1995 har aka fitar da Spurs. Musulmi ne da ke buga wasa da azumi a bakinsa, a Fabrairun 1995 ma, cikin Ramadan, shi aka ba gwarzon wata. Matashin da duniya ke cewa ba a taɓa ganin irinsa ba, ya tashi ya je gaban dattijo ya ce koya mani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai masu cewa duk wannan zancen hali tatsuniya ce da masu faɗuwa ke rarrashin kansu da ita, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Dennis Rodman ya buga wa Spurs daga 1993 zuwa 1995, ba wanda ya kai shi tsintar ƙwallon da ta dawo daga kwando, amma rigima ba ta ƙare mishi. Popovich, lokacin yana manajan ƙungiya, ya sallame shi zuwa Shikago. Can ya ci kofi 3 a jere tare da Michael Jordan. Wato mai rigima ma yana cin kofi, mai ladabi kuma idan bai iya jifa ba ladabinsa ba zai shiga raga ba. Ban da haka, ita kanta Spurs ba gidan mala'iku ba ce. A Oktoban 2022 ta sallami wani matashi da ta zaɓa na 12 a 2021 bayan zargin rashin ɗa'a ga mata, kuma likitar da ke aiki da ƙungiyar ta kai ƙara tana cewa ta daɗe da sanar da shugabanni ba su motsa da wuri ba. Daga baya aka sasanta ba tare da an kai ga hukunci ba. Mai kallon tele zahiri yake gani, zuciya sai Allah. Shi ya sa ba mu ɗora yardarmu kan murmushi a gaban kyamara. Muna duba abin da ake iya ƙirgawa: wa ya yarda da benci, wa ya bar kuɗi don ɗan'uwansa, wa ya tsaya bayan an sha kashi, wace ƙungiya ce ke hukunta nata ko da yana da amfani.

Me ya sa abin ya dame mu haka, mu da ke nesa da Teksas? Don yaranmu na kallo. Ku je kowane fili da aka kafa kwando, a lakwal ko a unguwa, za ku ga yaro ya sa riga mai lambar wani tauraro da ya saya a gwanjo. Ba jifar tauraron kaɗai yake kwaikwayo ba. Yana ɗaukar tafiyarsa, askinsa, yadda yake yi wa alƙalin wasa magana, yadda yake kallon abokin da ya ɓarar da ƙwallo. Waya ta kawo musu rayuwar mutanen nan har cikin ɗaki. Sun ga Ja Morant na Memphis, ɗaya daga cikin mafi hazaƙa a tsararsa, an dakatar da shi wasa 8 a Maris 2023 don ya nuna bindiga a Instagram, ya sake, aka ƙara mishi 25 a watan Yuni. Sun ji an kori Jontay Porter na Toronto daga gasar har abada a Afrilun 2024 saboda caca, har da fita daga wasa da gangan don masu cacar su ci. Mu da muke ganin yadda cacar ƙwallo ta waya ke cinye jikkunan ƴan kabu-kabu da ƴan lakwal, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Idan uba ko yaya zai zaunar da yaro gaban tele, gara ya nuna mishi ƙungiyar da zai iya cewa, "Dubi wancan, ka ga yadda ya ɗaga ɗan'uwansa da ya faɗi?"

To bana gidan zai fuskanci jarrabawar da bai taɓa gani ba. Ta farko, babu Popovich a bakin fili. Tun Disambar 1996 yake riƙe da ƙungiyar, kuma ba mai horaswar da ya kai shi yawan cin wasa a tarihin gasar. A Nuwamban 2024 ya samu ɗan bugun shanyewar jiki, a Mayun 2025 ya sauka ya koma shugabancin ofis. Ranar da ya fito gaban jama'a, Duncan da Ginobili ne a gefensa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa su ne ke zuwa kullum wurin atisayen jinyarsa. Shekaru bayan sun daina karɓar albashi a hannunsa ke nan. Wanda ya gaje shi, Mitch Johnson, shekararsa 38 a lokacin, ya taso ne a cikin gidan. Tambayar ita ce, taurari masu miliyoyi za su karɓi tsawa daga gare shi kamar yadda Duncan ya karɓa daga dattijo?

Ta biyu, ƙwallo ɗaya ce, masu son riƙe ta uku. Akwai De'Aaron Fox da aka kawo daga Sacramento a Fabrairun 2025, aka kuma sabunta mishi yarjejeniya ta sama da dala miliyan 200, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Akwai Stephon Castle, gwarzon sababbin shiga na 2025. Ga kuma Dylan Harper, da aka zaɓa na 2 a 2025 yana ɗan shekara 19. Dukansu sun saba su ne ke tsara wasa. Dole wani ya zauna a benci, dole wani ya rage jifa. Wa zai zama Ginobili a cikinsu? Abin da ke ba mu ƙwarin gwiwa shi ne akwai misali a ɗakin. Keldon Johnson ya taɓa zama mai mafi yawan maki a ƙungiyar, 22 a kowane wasa a kakar 2022 zuwa 2023. Da Wembanyama ya zo aka mayar da shi benci, ya karɓa, kuma har yau shi ne ke fara tashi yana ihu idan wani ya ci. Abin sha'awa, da damar zaɓen da Toronto ta bayar a cinikin Kawhi aka ɗauko shi a 2019.

Ta uku tana kan Wembanyama kansa. Daga bazarar 2026 za a iya tsawaita yarjejeniyarsa, kuma tun yanzu manyan garuruwa sun zuba ido. Mun ga LeBron James ya bar Cleveland a 2010, mun ga Kevin Durant ya bar Oklahoma a 2016. Mun kuma ga Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya zauna a Milwaukee har ya kawo musu kofi a 2021. Ɗan wasa na da ƴancin neman inda ya fi mishi, ba bawa ba ne. Amma muna fata ya bi sawun Duncan. Ita ma ƙungiya akwai nata haƙƙin: kada ta ɓata mishi ƙuruciya da gine-ginen da ba su ƙarewa, kada kuma ta matsa wa jikinsa don neman cin wasan Janairu.

Ga fatanmu a fili. Ba mu ce lalle sai kofi a bana ba. Gidan yamma cike yake da zakuna: Oklahoma da ta ci kofin 2025, Denver ta Nikola Jokic, Houston, Minnesota, Lakers, Golden State. Daga cin wasa 34 da aka yi a kakar 2024 zuwa 2025 zuwa ɗaukar kofi akwai tafiya. Abin da muke roƙo shi ne yaron nan ya gama kaka lafiya lau. A shiga zagayen neman kofi, a karya wannan fari na shekara 6, matasan su ɗanɗani zafin wasan Afrilu da Mayu, don ba a koyonsa a atisaye. Kada a yi gaggawar sayar da yaran gida don sayo wani babban suna da zai zo da rigimarsa. Idan an sha kashi, mu ji kowa ya ɗauki laifinsa a gaban ƴan jarida. Idan wani ya yi abin kunya, komai iyawarsa, a hukunta shi da wuri, kada a jira sai magana ta fita.

Kada wani ya ɗauka ba mu son nasara. Wallahi muna so, mun gaji da tsiyar abokai, kuma wanda ya ce faɗuwa ba ta dame shi ba to bai tashi ƙarfe 2 na dare ba. Sai dai mun riga mun ga an ci kofi 5 ba tare da an zubar da mutunci ba, don haka ba wanda zai ce mana ba ya yiwuwa. Mu mutanen ƙasar kokowa ne. Mun san wanda ya ɗauki takobi ana yi mishi guɗa a ranar, amma wanda ake ba da labarinsa bayan shekara 30 shi ne wanda ya kayar da abokinsa ya miƙa mishi hannu ya tashe shi. Irin wannan ƙungiya muke so Spurs ta ci gaba da zama.

Ku kuma masu horas da yara a filayenmu, malamai da ƴan sa-kai da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunku, ku ba su labarin Robinson da Ginobili kamar yadda kuke nuna musu bidiyon tsalle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu Lakers da Golden State, mun san kuna nan kuna dariya, ku kawo naku fatan mu ji, watan Afrilu zai raba gardama. Allah ya ba Popovich lafiya, ya tsare yaran nan daga rauni, ya ba mu kaka mai albarka, ta gona da ta wasa. Mu kwana nan, sai an tashi wasan farko.